Everest cikin kwana biyar: to wa ya ɗaura igiyar?

Tun da mutanen nan huɗu, tsofaffin sojojin Birtaniya, suka bar Landan ranar 16 ga Mayun 2025 suka taka ƙololuwar Everest ranar 21 ga wata, maganar ta ƙi fita daga raina. Ban da wata rigima da su a kan kansu. Majiya ƙarfi ne, sun yi atisaye, kuma sun ce don tara wa tsofaffin sojoji gudummawa suka yi. Abin da ke tsaya min a wuya shi ne hujjar da aka lulluɓe tafiyar da ita, wadda yanzu take neman zama karatun kowane mai kamfanin kai attajirai kan tsauni: wai sauri shi ne tsaro. Wai duk kwanan da ka rage a kan dutsen, ka rage haɗari, ka rage shara, ka rage wa tsaunin nauyi.

Duk mai bin labarin ya san yadda aka yi. Kamfanin Lukas Furtenbach, ɗan ƙasar Ostiriya, shi ya shirya komai. Mutanen sun yi makonni suna kwana a gidajensu cikin tantin da ake rage wa oksijin, sannan aka shaƙa musu iskar zenon a wani asibiti a Jamus, jirgi mai saukar ungulu ya ajiye su a sansanin gindin tsauni, suka kama hanya da tukwanen oksijin a baya. Masu tallar zenon na cewa tana sa jiki ya ƙara fitar da sinadarin EPO, wanda ke yawaita jajayen ƙwayoyin jini. Ƙungiyar masu hawa tsaunuka ta duniya, UIAA, ta fitar da sanarwa tun watan Janairun shekarar cewa babu hujjar da ta nuna iskar na ƙara wa mutum ƙarfi a can sama, kuma hukumar yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari ta duniya, WADA, ta haramta ta a wasanni tun 2014. Masu ihun cewa maguɗi aka yi, su ma ba su burge ni ba. Wanda ya hau da igiyar da wani ya ɗaura, yana zuƙar oksijin ɗin da wani ya ɗauko masa, da wane baki zai kira ɗan'uwansa mai maguɗi?

Mu koma kan maganar tsaro, don a nan ne ake yi mana wasa da hankali. Haɗarin wa aka rage?

Tsakanin sansanin gindin tsauni, mai tsayin mita 5,364, da sansani na ɗaya da ke wajen mita 6,000, akwai gangaren ƙanƙarar Khumbu. Kogi ne na daskararriyar ƙanƙara da ke saukowa daga tudu yana kakkaryewa, yana motsi kusan mita guda a rana. Curin ƙanƙara a wurin wani ya kai girman gidan bene, kuma ba ya sallama kafin ya rufto. Ramukan da ke tsakani, ana haɗa tsani biyu, uku, wani lokaci fiye, a ɗaure su da igiya a shimfiɗa a kai, mutum ya taka da takalmi mai haƙoran ƙarfe yana kallon duhu a ƙarƙashinsa. Waɗannan tsanukan ba daga sama suke faɗowa ba. Wasu 'yan tsirarun Sherpa ne, wato ƙabilar da ke zaune a tsaunukan Nefal, waɗanda ake yi wa laƙabi da likitocin gangaren ƙanƙara, ke shiga tun watan Maris su fasa hanya, kuma kullum sai sun koma sun gyara, domin abin da aka ɗaura jiya ƙanƙara ta karkatar da shi yau. Bayansu sai masu ɗaura igiya har ƙololuwa, sai masu jigilar tantuna, abinci, man girki da tukwanen oksijin zuwa sansani na biyu, na uku, na huɗu.

Baƙon da ya zo a gurguje sau ɗaya zai ratsa Khumbu ya hau, sau ɗaya ya sauko. Wannan gaskiya ne, kuma shi kam an rage masa haɗari. Amma ɗan Sherpa ɗin da zai tabbatar komai na jiran baƙon a mita 7,900 yana ratsa wurin sau da yawa a kaka guda, wani ya haura sau 20. Zuwan baƙon a makare bai ɗauke masa sawu ko ɗaya ba. Hasali ma, wanda jikinsa bai goga da tsaunin ba dole ya fi jingina da oksijin na tukunya, kuma kowace tukunya kilo 3 zuwa 4 ce a gadon bayan wani. An ɗebe haɗarin daga kan mai biya an bar shi inda yake tun farko, a kan wanda ake biya. Kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi.

Kuma abin ba sabo ba ne. Mutanen farko da aka rubuta mutuwarsu a Everest 'yan dako ne su 7, waɗanda ƙanƙara ta binne a 1922 a tawagar da mai hawa tsauni ɗan Birtaniya George Mallory ke ciki. Ranar 18 ga Afrilun 2014 wani curi ya ɓalle ya rufta a Khumbu da sanyin safiya, ya kashe ma'aikata 'yan Nefal 16 da ke ɗauke da kayan baƙi, baƙin kuwa mafi yawansu na cikin tantuna a ƙasa. Tayin farko da gwamnatin Nefal ta yi wa kowane iyali rufi 40,000 ne, wajen dala 400 ke nan a lokacin, abin da ya fusata 'yan Sherpa har suka ajiye aiki a kakar. A Afrilun 2023 wasu 3 suka sake tafiya a wuri guda. Cikin mutum sama da 300 da tsaunin ya ci, kusan ɗaya cikin uku ma'aikata ne. Duk wanda zai buɗe baki ya yi mana lacca kan tsaro a Everest, ya fara da waɗannan alƙaluman, in ba haka ba tallar hajarsa kawai yake yi.

Akwai kuma abin da sauri ke sacewa wanda ba ya shiga lissafi, shi ne ma ya fi damuna a matsayin wanda ya taɓa ɗanɗana abin, ko da yake nawa ƙaramin alhaki ne. Iyakacin inda na kai Gran Paradiso ne a Italiya, mita 4,061, tsaunin da ƙwararru ke ɗauka na 'yan koyo. Iska ta tsare mu kwana biyu a bukkar masu hawa, kaina na sarawa kamar ana buga masa guduma, barci ya ƙi zuwa. Jagoranmu dattijo ne marar yawan magana. Na matsa masa da tambayar yaushe za mu tashi, ya leƙa taga ya ce, “Ɗana, sha ruwa ka kwanta. Dutsen ba inda za shi.” Na ji haushi ƙwarai, don a ganina kuɗina ne ke ƙonewa a banza.

Da asubahin rana ta uku muka fita da fitilu a goshi. Har yau ina jin ƙarar haƙoran ƙarfen nan suna cizon ƙanƙara, ƙaras, ƙaras, da yadda numfashina ke daskarewa a gashin baki. Can a tsakiyar kogin ƙanƙara ƙafata ta dama ta fasa ɓawon da ya rufe wani rami, na nutse har ƙugu, ƙafafu na lilo a wofi. Kafin in yi salati igiyar ta ɗaure tamau a cikina. Dattijon ya riga ya zube ƙasa ya kafa gatarinsa. Bai yi faɗa ba, bai yi dariya ba, cewa kawai ya yi in kwanta da ciki in ja jiki gaba. Ƙololuwar kanta, inda aka kafa ɗan mutum-mutumin Maryama, minti kaɗan muka yi a kai, muna layi a bakin siririn dutse muna jiran masu ɗaukar hoto su gama. In ka tambaye ni me na gani daga can, sai na yi tunani. Amma kwana biyun nan na jira da ɗaurewar igiyar nan a cikina, su ko a mafarki ba sa barina.

Makonni shida zuwa takwas da aka saba yi a Everest ba don rashin wayo aka ƙirƙiro su ba. Iskar da ke ƙololuwa, mita 8,848.86, oksijin ɗin da mutum ke samu a cikinta bai fi kashi ɗaya cikin uku na wanda yake samu a bakin teku ba. Shi ya sa ake hawa a kwana a sauko, a sake hawa a ƙara gaba, har jini ya yi kauri jiki ya saba. A cikin wannan kai da komo ne mutum ke koyon yadda ake gane ruwa ya fara taruwa a huhun abokin tafiya daga irin tarinsa, ko kumburin ƙwaƙwalwa daga tangaɗin tafiyarsa. A nan yake sanin sunan wanda ke dafa masa ruwa, da yawan 'ya'yansa. Ko da tanti da zenon sun iya shirya jini, ba za su iya shirya wannan ba. Ranar da bututun oksijin ya daskare a mita 8,500, mutumin da ya san tsaunin kwana huɗu kacal kaya ne shi ma, sai an ɗauke shi.

Mutanen da suka san juna kuwa ba sa tsallake juna. A Yulin 2023 a tsaunin K2, na biyu a tsayi a duniya, wani ɗan dako ɗan Fakistan, Muhammad Hassan, mahaifin 'ya'ya uku, ya zame a wani ƙuntataccen wuri da ke wajen mita 8,200. Wasu kaɗan sun tsaya sun yi ƙoƙari a kansa, amma hoton da jirgi marar matuƙi ya ɗauka ya nuna jerin mutane suna raɓa shi suna wucewa sama, har rai ya yi halinsa. An yi ta gardama kan ko ceto zai yiwu a irin wannan wuri. Ni tambayata daban ce: da ɗaya daga cikin masu biyan dubban daloli ne a kwance, da haka layin zai ci gaba da tafiya? Kowa a ranar agogo yake kallo. Al'adar da ke auna hawa tsauni da yawan sa'o'i ita ke haifar da irin wannan rana, kuma ita ce ake yi wa shagali yanzu.

Za a ce ai kamfanin da ya yi wannan tafiya yana da likitoci da tsari mai tsauri. Na yarda. Amma kasuwa ba ta tsayawa a kan mai tsari. Duk abin da aka sayar da tsada bana, baɗi za a sami mai sayar da jabunsa a rabin kuɗi. Mun ga hakan da oksijin, mun gani da jagorori, kuma mun ga sakamakonsa a hoton dogon layin masu hawa kusa da ƙololuwar Everest da wani mai hawa, Nirmal Purja, ya ɗauka a Mayun 2019, kakar da mutum 11 suka mutu. A 2023 Nefal ta bayar da izini kusan 480, aka rasa rayuka 18. Yanzu a ƙara wa wannan cunkoso mutanen da aka yi wa alkawarin za su je su dawo cikin hutun mako guda. Wanda aka faɗa wa haka, in gari ya ɓaci, zai yarda ya juya? Sauri dai ya haifi nawa.

Gwamnatin Nefal kuwa amsarta ita ce ƙarin kuɗin izini daga dala 11,000 zuwa 15,000 daga Satumbar 2025, kamar dala 4,000 za ta razana mai kashe sama da 100,000. Kotun ƙolin ƙasar ta umarci a taƙaita yawan izini tun 2024. Wannan ya kamata a aiwatar, a sa adadi a tsaya a kai. A ɗaga inshorar ma'aikata ta kai abin da zai riƙe marayu har su girma. Jiragen nan marasa matuƙi da aka fara gwada jigilar kaya da su a saman Khumbu, a zuba musu kuɗi, tunda su ne kaɗai fasahar da na ga tana rage sawun ɗan Sherpa maimakon na baƙo. Sannan duk littafin da ke rubuta bajinta ya riƙa rubuta ta cikakkiya: wa ya ɗaura igiya, tukunya nawa aka zuƙa, mutum nawa suka ɗauko su.

In an yi haka, sai a jera. Reinhold Messner da Peter Habeler sun hau ranar 8 ga Mayun 1978 ba tukunya ko ɗaya, Messner ya koma shi kaɗai a 1980. Tenzing Norgay, ɗan Sherpa, sai a yunƙurinsa na bakwai ya taka saman tare da Edmund Hillary ranar 29 ga Mayun 1953, aka ba Hillary sarautar Sir, shi aka ba shi lambar yabo. Kami Rita Sherpa ya hau karo na 31 a watan Mayun 2025, kwanaki kaɗan bayan masu zenon sun koma Landan, yana jan wata tawagar baƙin, domin shi a wurinsa ranar aiki ce.