Ɓarna ba ta yin sallama

'Yan'uwana matasa, kun taɓa danna yatsa a jikin katako kuka ji ya lotsa kamar soso? Daga waje fenti na nan lafiya lau. A ciki kuwa funfuna ta daɗe da baza zarurrukanta, waɗanda gashin kai ya fi su kauri, tana narkar da ƙwarin itacen tana tsotsewa. Danshi kawai take nema, wato ɗan yoyon nan da kullum ake cewa gobe za a toshe. Wata irin takan sa katakon ya yi ja, ya tsattsage gida-gida, in ka murza ya zama gari. Ranar da laimar kwaɗi ta ɓullo a jikinsa, aikin gama ya riga ya gama.

Ni ban ga laifinta ba. A daji ita ke mayar da mataccen itace ƙasa. Laifin na mai yoyo ne.

Sakacin da ke ciyar da funfuna shi ya cinye baiji, dolfin ɗin kogin Yangtze na ƙasar Sin, wata dabbar ruwa mai siffar kifi. Ba kifi ba ne, numfashin iska yake yi, uwar kuma tana shayarwa. Idonsa ba ya gani sosai, da amon sauti yake gane hanya, sai ƙarar jiragen ruwa ta cika kogin. Ga ƙugiyoyi, ga raga, ga masu kamun kifi da lantarki. Babu wanda ya yi niyyar ƙarar da shi, kowa abincinsa ya fito nema. A 1997 an ƙirga 13. A 2006 masana suka yi mako shida suna bin kogin, ko ɗaya ba su gani ba.

To kai fa, ina yoyonka? Sallar da kake turawa zuwa "an jima", ƙwaya ɗaya "don aiki", bashin da kake kauce wa mai shi, wayar da ke hannunka har asuba. Kada ka ce ai ba wanda ya ga alama. Katakon ma da kyansa aka same shi. Nemi wanda ba ya jin nauyinka, ka bari ya danna yatsa, kada ka yi fushi da abin da ya taɓo.

A 2021 Sin ta hana kamun kifi a Yangtze na shekara goma. Mataki ne mai kyau, sauran halittun kogin za su amfana. Amma ga baiji an makara: na ƙarshe da ake kiwo, mai suna Qi Qi, ya mutu a birnin Wuhan na Sin tun 2002.