Ranar da na tarar da 'yata tana goge daɓen makaranta a Japan

A watan Nuwamban da ya wuce makarantar su 'yata ta buɗe wa iyaye ƙofa na yini guda, kowa ya zo ya ga yadda ɗansa ke wuni. Na isa da rana tsaka, an gama cin abinci. Na cire takalmi a bakin ƙofa kamar kowa, na sa silifas ɗin da na zo da shi a jaka, na hau bene. Ina karya kwana sai ga yarinyata, 'yar shekara takwas, ta duƙa, tafin hannuwanta biyu a kan wani farin tsumma, tana tura shi a guje daga wannan ƙarshen baranda zuwa wancan. Gabana ya faɗi. Abin da ya fara zo mini shi ne, wane laifi ta yi? Na biyu kuma ya fi ciwo: ko don ita kaɗai ce baƙar fata a ajin?

Ban gama wannan tunanin ba wasu yara uku suka biyo bayanta, kowa da nasa tsumman, suna dariya. Na leƙa ajin, an ture tebura duka zuwa baya, wasu na shara, wasu na goge allo, malamarsu da kanta ta durƙusa tana kankare wani tabo a gindin taga. Ta tagar na hango shugaban makarantar, dattijo mai furfura, yana share ganye a tsakar gida. Wani kiɗa mai sanyi na tashi daga lasifika, kiɗan da duk yaron makarantar ya san na shara ne. 'Yata ta gan ni, ta ɗaga mini hannu, ta ci gaba da aikinta. Bayan kamar minti 15 kiɗan ya tsaya, kowa ya wanke tsummansa a famfo da ruwan sanyi, ya matse, ya shanya a ƙarƙashin kujerarsa ya maƙale da maƙali. Suka mayar da tebura, suka zauna ɗaukar darasi.

Da dare na ba Yayata labari ta WhatsApp, ina cike da murna. Amsar da ta turo ita ta sa na zauna rubuta wannan. Ta ce, "Haba ƙanwata, duk arzikin Japan a rasa mai shara sai 'ya'yan mutane? Wallahi da a nan ne, da safe zan je in sami hedimasta. Boko muka kai su ko aikatau?" Ban ga laifinta ba, don abin da ta faɗa da baki shi na faɗa a zuci a bakin barandar nan. Amma maganar ta tsaya mini a rai har yau.

Shekararmu huɗu a Tsukuba, garin da bai kai tafiyar awa ɗaya daga Tokyo a jirgin ƙasa ba. Firamare a nan shekara shida ce kamar tamu, sai dai a watan Afrilu ake fara sabuwar shekarar karatu. Tun daga aji ɗaya yaro da ƙafa yake tafiya makaranta, ba uwa ba direba. Yaran layinmu suna haɗuwa a bakin wani ɗan fili, babbarsu 'yar aji shida tana gaba, ƙananan suna tsakiya da hulunansu ruwan ɗorawa, kowa ya goya jakar nan mai tauri da suke kira randoseru, wadda ake saya sau ɗaya ta kai yaro har ya gama. A mahaɗar titi akwai tsofaffin unguwa da iyaye riƙe da tuta, suna tsayar da motoci. Ni ma ana zagayowa kaina, in tsaya da tutar cikin sanyi ina gaisa da yaran da ban haifa ba.

Kowace rana akwai yara masu aikin ranar: su za su tashi aji a gaida malama, su goge allo, su rubuta kwanan wata. Gobe wasu ne. Ba monita ɗaya da zai shekara yana rubuta sunayen masu surutu. Lokacin abinci kuwa abin kallo ne. Yara shida ko bakwai su sa fararen riguna da hula da takunkumi, su je su turo tukwane a amalanke, su tsaya da ludayi suna zuba wa 'yan uwansu shinkafa da miya da kifi, kowa da kwalin madararsa. Ba wanda zai kai loma baki sai kowa ya samu, sannan su haɗa baki su ce "itadakimasu", wato godiya ga abincin da duk wanda ya wahala a kansa. Malama a nan cikin aji take ci, abin da suka ci shi ta ci. Tun 1954 ƙasar ke da doka a kan abincin makaranta, kuma suna lissafa lokacin cin nan cikin karatu, ba hutu ba. Da yake akwai naman alade a wasu ranakun, kowane wata ana turo mini takardar abin da za a dafa da duk abin da ke ciki, ranar da bai halatta ba sai in dafa mata makamancinsa ta tafi da shi. Ranar aikinta kuma tana zuba wa sauran nasu.

A aji ɗaya an ba kowane yaro tukunyar roba da iri, ya shuka wata fulawa mai yaɗo, ya riƙa ba ta ruwa yana zana ta a littafi, da hutun zafi ya ɗauko ta gida ya ci gaba da kula da ita. Tamu ta kusa mutuwa a watan Agusta, yarinyar nan har kuka ta yi. Suna kuma da darasin tarbiyya na musamman, wanda tun 2018 ya zama cikakken darasi mai littafinsa a firamare. Amma ni a ganina ba a littafin nan tarbiyyar take ba. Tana cikin tsumman da ludayin.

To, sai wani ya ce ai mu ma mun yi shara. Ƙwarai kuwa. Wanda duk ya yi firamaren gwamnati ya san zuwa da tsintsiya ranar komawa hutu, ya san tsintar leda kafin asembili. Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya, wa ke sharar? Wanda ya yi latti. Wa ke wanke masai? Wanda ya yi laifi, bayan ya sha bulala da tsallen kwaɗo. Wa ke tsaye yana kallo, hannu a baya riƙe da dorina? Malam, ko ɗan aji shida da aka ba muƙami. A shekara shida da na yi ban taɓa ganin malami ya taɓa tsintsiya ba, kuma duk mun san 'ya'yan wane da wane da ba a sa su. Darasin da muka ɗauka ba tsafta ba ce. Mun koyi cewa aiki horo ne, kuma alamar ka girma ita ce ka daina yi ka sa wani. Shi ya sa da muka girma muka samu abin hannu, muka kai 'ya'yanmu makarantun kuɗi inda akwai mai shara da mai gadi da mai wanke musu ban-ɗaki, har muna alfahari da cewa yaronmu bai san duƙawa ba. Yaron da ya tashi a haka, ranar da ya zama shugaban ma'aikata, me zai sa ya damu da kwatar da ta toshe a ƙofar ofishinsa? A 1984 sai da gwamnatin soja a Najeriya ta fito da yaƙi da rashin ɗa'a, da koboko, kafin manya su bi layi su share ƙofar gidajensu. Su kuwa Japanawa, a gasar cin kofin duniya ta 2022 a Qatar, duniya ta ga 'yan kallonsu sun tsaya kwashe shara bayan sun ci Jamus, ba wanda ya sa su. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Na san abin da za a ce mini, kuma akwai gaskiya a ciki. A nan doka ta taƙaita ajin firamare a yara 35, mu kuwa akwai ajin da ya haura ɗari, a ƙasa suke zaune, malaminsu na bin bashin albashi. Makarantar da ba ta da famfo ina za a wanke tsumma? Kuma Japan ɗin ba aljanna ba ce. Cin zali tsakanin yara babbar matsala ce a nan, irin na ware mutum a daina yi masa magana, kuma yaran firamare da ƙaramar sakandare da suka ƙaurace wa makaranta sun haura dubu 300 a ƙididdigar gwamnatinsu. Suna son kowa ya zama iri ɗaya, abin da ke ba ni tsoro idan na dubi fatar 'yata da kitsonta, na tuna ranar da za ta fara sa hijabi. Duk na yarda. Amma ba a buƙatar kasafin kuɗi kafin hedimasta ya ɗauki tsintsiya, ba a buƙatar kwangila kafin a daina hora yaro da wankin masai a mayar da shi aikin da ke zagayawa kan kowa. Masar ma ba ƙasa ce mai arzikin Japan ba, amma tun 2018 ta buɗe makarantun gwamnati da ke bin wannan tsari na Japan.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, mu ba sai mun je aro ba. A makarantar allo wa ke wanke maka allonka? Wa ke dafa tawada, wa ke fiƙe alƙalami, wa ke kawo kara a hura wutar karatun dare? Babba ya biya wa ƙarami, ƙarami ya share wurin zama. A ƙauyen kakannina da damina gayya ake yi, yau gonar wannan gobe ta wancan. Mun tashi ana ce mana ɗa na kowa ne, tsohuwar maƙwabta za ta tsawata maka a hanya kuma uwarka ta je ta yi mata godiya. A kwano ɗaya muke ci, ba mai sa hannu sai an yi bismilla, ƙarami ba ya riga babba ɗaukar nama. Kullum muna cewa tsafta cikon addini ce. Duk abin da na gani a barandar nan na san shi, a tsakar gidan mahaifiyata na fara ganinsa, kafin gari ya waye tana duƙe da tsintsiyar laushi, mu kuma muna bin ta da yayyafin ruwa. Bokon ne muka raba shi da waɗannan abubuwa, muka ce su na gida ne da na talaka, makaranta kuma wurin Turanci da zuwa na ɗaya.

Sai ga shi 'yata tana koyon abin kakarta a hannun waɗanda ba su taɓa jin sunan garinmu ba, kuma da harshensu take koya. Ta san kalmar shara da ta godiya da ta neman gafara da Japananci, da Hausa sai ta tsaya tana lalube. Idan baƙo ya zo gidanmu, sunkuyar da kai take yi irin nasu, hannuwa a gefe. Na sha nuna mata yadda ake durƙusawa, tana yi don ta faranta mini, amma ina gani a jikinta baƙon abu ne. Ba ta taɓa cin tuwo a kwano ɗaya da sa'o'inta ba. Ba ta san ranar Alhamis da Juma'a ba a zuwa makarantar allo ba, don nata karatun a waya ne, ita da wani malami, rabin awa bayan magariba. Wani lokaci idan na tsaya da tutar nan da safe, yaran suna wucewa suna gaishe ni, sai in ji ƙamshin ƙosan bakin makarantarmu da kuɗin tara a ƙulle a gefen ɗankwali, hawaye su cika mini ido, alhali ni ce nake cewa makarantar nan ta fi tamu.

Ran Juma'ar da ta wuce muka kira Hajiyarmu ta bidiyo. Na ba ta labarin sharar, ita ba ta ce komai a kan aikatau ba, sai ta yi murmushi ta ce, "Allah ya yi mata albarka. To uwar ɗakina, kin iya riƙe tsintsiya?" Yarinyar ta juyo ta dube ni, tana jira in fassara mata. Na ce, "Hajiya, irin tamu ba ta taɓa riƙewa ba, a nan mai dogon mariƙi ce." Hajiya ta ce to in kawo mata ita da hutun Agusta, ko na wata ɗaya ne, ta ajiye mata wata ƙarama daidai hannunta. Tun daren nan na sa maigidan ya fara duba kuɗin jirgi.