Masu kukan an ƙwace kambun Ty Cobb, ku saurara

Tun watan Mayun 2024 da hukumar MLB, mai shirya babbar gasar besbol ta Amurka, ta haɗe alƙaluman gasannin baƙaƙen fata da na Turawa, wasu masoya besbol a Amurka ke ta ƙorafi wai an yi wa Ty Cobb fashi da rana tsaka. Laifin kuwa shi ne Josh Gibson, ɗan wasan gasannin baƙaƙen fata da aka lissafa masa .372 a lokacin, ya hau saman Cobb da ya riƙe kambun bugu da .367 kusan shekara ɗari.

Ba mai musun gwanintar Cobb. Daga 1905 zuwa 1928, a Detroit sannan a Philadelphia, ya yi bugu mai kyau fiye da 4,000. Ma'anar .367 ita ce, cikin kowace dama dubu da ya samu da sanda a hannu, 367 sun yi kyau. Da aka zaɓi rukunin farko na gwarazan wasan a 1936, ko shahararren ɗan wasan nan Babe Ruth bai kai shi ƙuri'a ba.

To amma wa ya yi masa jifa, wato wa ya jefo masa ƙwallon da yake bugawa? A kaka 24 ɗin nan kaf, Cobb bai taɓa fuskantar ko ɗaya daga cikin gwanayen jifa na gasannin baƙaƙen fata a wasan hukuma ba, don an rufe musu ƙofa. An ware rabin gwanaye gefe, aka yi gasa da sauran, aka naɗa sarki. Shekara da shekaru ba wanda ya ce alƙaluman na da naƙasu. Sai yau da Gibson ya shigo aka tuna da ma'auni!

Hujjarsu wai wasannin Gibson a Homestead Grays da Pittsburgh Crawfords ba su da yawa. Wa ya rage su? Ƙungiyoyin da sai sun yi hayar filin Turawa, suna yawo gari-gari da wasannin sada zumunta don neman abin biyan 'yan wasa, ta ina za su tsara doguwar kaka? A hana mutum gona, a dawo ana yi masa gorin ƙaramin rumbu, wannan rainin hankali ne.

Gibson ya rasu a Janairun 1947 yana da shekara 35, wata uku kafin Jackie Robinson, baƙar fatan da ya karya wariyar launin fata a MLB, ya fara buga wa Brooklyn Dodgers. Bai ga buɗewar ƙofar ba.

Ya kamata MLB ta ci gaba da tono tsofaffin jaridu, don akwai sakamakon wasannin da har yau ba a gano ba. Idan kuma dole sai an sa alamar shakku a gefen sunan wani, a fara da duk wanda ya buga kafin 1947, har da Cobb da Ruth.