Musu ma yana da ladubba

Assalamu alaikum 'yan uwa. Jiya bayan Isha'i, a majalisar ƙofar gidanmu, samari biyu suka kaure da musu kan wata fatawa. Wannan ya ce malamin wancan ɗan neman kuɗi ne, wancan ya ce ai ku 'yan bidi'a ne. Aka yi ta tada jijiyar wuya har shayi ya huce a kofi, ba wanda ya ce wa ɗan uwansa: mene ne dalilinka?

Magabata fanni guda suka ware wa wannan, sunansa adabul bahasi wal munazara, wato ladubban bincike da muhawara, kuma Shamsuddin Samarƙandi ya tsara shi tun ƙarni na 13. Ƙa'idar farko gajera ce: in magana ka ɗauko daga wani, ka tabbatar ta inganta, in kai ne mai da'awa, dalili yana wuyanka. Allah Ya ce a Baƙara, aya ta 111, ku kawo hujjarku in kun kasance masu gaskiya.

Mai ja kuma ƙofa uku aka ba shi. A ce wani ya ce: duk abin da ke sa maye haramun ne, wannan abin sha yana sa maye, saboda haka haramun ne. Kana iya cewa ban yarda yana sa maye ba, tabbatar min. Wannan shi ne man'u. Kana iya nuna cewa dalilin nasa ya karye a wani wuri, wato naƙdu. Ko ka kawo naka dalilin da ya kai ga akasin hukuncinsa, shi ne mu'arada. Ka duba da kyau, zagin malaminsa ba ya cikin ukun nan. Yawan mabiyanka ma haka.

Ko manya sun saɓa. Shehu Maghili, wanda ya zo Kano zamanin Muhammadu Rumfa, ya kare ilimin manɗiƙ, wato ilimin ƙa'idojin tunani da kafa hujja, Imam Suyuɗi kuma ya haramta shi. Da baitoci suka yi wa juna raddi, kowa da hujjarsa.

Manzon Allah (SAW) ya lamunce gida a gefen Aljanna ga wanda ya bar jayayya ko da shi ne mai gaskiya, Abu Dawud ya ruwaito. Na karanto wa samarin nan wannan hadisin. Ɗaya ya yi shiru, ɗayan ya ce sai na faɗa masa littafi da babi tukuna. Wallahi daɗi na ji, na shiga gida na ɗauko masa.