Litinin Ɗin Martin Luther King Ba Ta Barci Ba Ce

Assalamu alaikum ƙannena, samari da 'yan matanmu na Bronx da Harlem da sauran garuruwan Amurka.

Jiya bayan sallar isha'i na ji wasunku a ƙofar masallaci suna murna wai Litinin ba makaranta, ba aiki. Wannan ya ce sai azahar zai tashi, wancan ya ce kanti zai shiga tunda an yi rangwame. Na tambayi ɗaya, hutun me ake yi? Ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Na wani fasto ne dai." Maganar ta tsaya mini a rai. Ban ga laifinsa sosai ba, domin ni ma shekarun farko da na zo ƙasar nan ina jan tasi, abin da na sani game da ranar shi ne titi ba cunkoso. Ba wanda ya zaunar da ni ya gaya mini. To ni yau zan gaya muku.

An haifi Martin Luther King, fasto mai fafutukar 'yancin baƙaƙen fatar Amurka, a Atlanta ranar 15 ga Janairu 1929, shi ya sa ake hutun a Litinin ta uku ta watan Janairu. Yana da shekara 26 kacal, sa'an wasunku, lokacin da aka kama Rosa Parks a Montgomery saboda ta ƙi tashi ta ba farar fata kujera a bas, aka ɗora masa jagorancin ƙaurace wa motocin garin. Kwana 381 baƙaƙen fata suna takawa da ƙafa zuwa aiki, masu mota suna rage wa marasa mota hanya, har kotu ta rushe dokar. An jefa bam gidansa matarsa da jaririyarsa suna ciki, ya fito ya hana jama'arsa ɗaukar fansa.

Amma abin da nake so ku riƙe shi ne dalilin da ya kai shi inda aka kashe shi. Ranar 1 ga Fabrairu 1968 ana ruwan sama a Memphis, wasu ma'aikatan kwasar shara biyu, Echol Cole da Robert Walker, suka fake a bayan motar shara. Injin matse sharar ya tashi ya murƙushe su. Abokan aikinsu kusan 1,300 suka shiga yajin aiki, suna ɗauke da alluna da aka rubuta magana ɗaya a kai: ni ma mutum ne. A lokacin King ya riga ya karɓi kyautar Nobel tun 1964, shugabannin ƙasashe sun san shi. Da ya so zama a gida, ba mai cewa uffan. Ya tashi ya tafi wurin masu kwasar shara, aka harbe shi a barandar otal ɗin Lorraine ranar 4 ga Afrilu 1968, yana da shekara 39. Ku duba mana irin aikin da iyayenku da yayyenku suke yi a garin nan: shara, wanke-wanke, gadi, rainon tsofaffi, kai abinci a keke cikin sanyi. Irin waɗannan mutanen ya je tsaya wa.

Shi kansa hutun ba a ruwan sanyi aka same shi ba. Kwana huɗu da kisan, ɗan majalisa John Conyers ya gabatar da ƙudirin, aka yi ta ja har shekara 15, matarsa Coretta tana ta fafutuka, aka tara sa hannun mutum miliyan 6, kafin Shugaba Ronald Reagan ya rattaba hannu a 1983. An fara hutun a 1986, wasu jihohin kuma sai a 2000 suka bi sahu. A 1994 ɗan majalisa John Lewis, wanda 'yan sanda suka fasa wa kai a gadar garin Selma lokacin tattakin neman 'yancin zaɓe, da Sanata Harris Wofford suka kawo dokar da ta mai da ranar ta aikin taimakon jama'a, Bill Clinton ya sa hannu. Wato aikin gayya, wanda muka sani tun a gida. Shi ma King ya faɗa a wa'azinsa wata biyu kafin rasuwarsa cewa kowa na iya zama babba domin kowa na iya yi wa mutane hidima, ba sai da digiri ba.

Yanzu bari in zo inda ke mini ciwo. Kafin 1965, dokar shige da fice ta Amurka tana raba biza ne bisa asalin ƙasa, kason ɗan Afirka bai taka kara ya karya ba. Guguwar gwagwarmayar nan ce, bayan dokar 'yancin jama'a ta 1964 da ta zaɓe ta 1965, ta taimaka aka soke wancan tsarin. Mutumin Kumasi da na Damagaram da na Kano da ke zaune a nan, yana hawa bas ya zauna inda ya ga dama, yana cin gumin wasu ne. Sai ga shi a bakinmu ake jin "akata", sunan raini da ake kiran baƙaƙen fatar Amurka da shi, ana cewa ba su da tarbiyya, ba sa son aiki. Wallahi kunya nake ji in na ji yaro ya faɗi haka, kuma na san a gida ya koya. Ranar da 'yan sanda suka yi wa Amadou Diallo, ɗan Gini, harbi 41 a ƙofar gidansa a nan Bronx a 1999, ba wanda ya tambaye shi fasfo, kuma waɗannan mutanen da muke rainawa su ne suka cika titi suna zanga-zanga dominsa.

Akwai wata tsohuwa a benenmu, baƙar fata 'yar asalin jihohin kudancin ƙasar nan, da nake share wa dusar ƙanƙara a bakin ƙofa in kai mata sayayyarta sama. Wata rana ta tsayar da ni a matakala, tana riƙe da sandarta, ta ba ni labarin tana yarinya ƙishirwa ta kama ta a gari, ta nufi famfo, uwarta ta fizgo ta da ƙarfi har hannunta ya yi ciwo, domin famfon na farare ne. Ta ce har yau in ta ga famfo a asibiti sai ta waiwaya kafin ta sha. 'Ya'yanta sun yi nisa. Abincin gwangwani take ci, buɗe shi ma wahala yake mata.

Na san wani zai ce ai Kirista ne, ina ruwanmu. Ba a ce ka bi addininsa ba, ba a ce ka mai da ranar Idi ba. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wanda bai gode wa mutane ba bai gode wa Allah ba, ya kuma ce kawar da abin cutarwa daga hanya sadaka ne. Haƙƙin maƙwabci ma bai tsaya kan Musulmi ba. King ɗin nan ya je Accra a 1957 ranar da Ghana ta sami 'yanci, ya je Legas a 1960 wurin rantsar da Azikiwe. Shi bai ce ina ruwansa da mu ba.

Don haka ranar Litinin ku tashi. Mai ƙarfi ya ɗauki shebur ya share gaban gidajen tsofaffin layinsu. Mai lafiya ya je ya ba da jini. Wuraren rabon abinci kullum neman hannu suke yi, ko a coci ne ku je ku haɗa kwalayen abinci. Ke da Turancinki ya nuna, zauna da baƙin da suka zo kwanan nan ki cike musu takardu, kada ki karɓi ko sisi. Rigunan sanyin da suka yi muku kaɗan ku wanke su ku kawo, akwai yaran da suka sauka ƙasar nan da riga ɗaya. Don Allah kada a mai da abin ɗaukar hoto. Wanda ya zo karɓar abinci ba ya son fuskarsa ta yawata a Facebook.

Mu dai za mu haɗu a ƙofar masallaci ƙarfe takwas na safe, in Allah ya kai mu. Ina da shebur biyu da buhun gishirin zubawa a ƙanƙara. Ku sa safar hannu mai kauri, kowa kuma ya zo da ƙaninsa.