Ba kowane taurin kai ne rashin tarbiyya ba

A Sakkwato, da yaro ɗan shekara 15 ya fara kulle kansa a ɗaki, ya ƙi cin abinci, yana faɗa da ƙannensa kan abin da bai taka kara ya karya ba, sai ka ji an ce ya kangare, ko an yi masa sammu. Daga nan sai bulala, wani ma har mari a ƙafa.

Sau da yawa ciwo ne. Ciwon damuwa a wurin matashi ba lallai ya zo da kuka ba. Yakan zo da fushi, rashin barci da lalacewar karatu. Yaron da ke riga kowa wanke allo, yanzu ko wanka sai an yi da gaske. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan rabin cututtukan ƙwaƙwalwa kan soma ne zuwa shekara 14.

Addu'a ba ta hana ganin likita. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware ba na masu yawo a titi kaɗai ba ne. Da yawa ana duba su, su koma gida ranar. In kuwa yaro ya fara zancen mutuwa ko yana yanka jikinsa, kada a kwana ba a kai shi ba.