Kyanwa a sabon gida: a nan kam Turawa sun fi mu gaskiya

A Ingila, in ka tashi daga wani gida zuwa wani da kyanwarka, abu na farko da likitan dabbobi zai ja maka kunne a kai shi ne kada ka bari ta leƙa waje sai an yi mako biyu zuwa huɗu. Ƙungiyoyin kula da dabbobi irin su Cats Protection da RSPCA ma abin da suke faɗa ke nan. 'Yan uwanmu da dama da ke nan, musamman waɗanda yara suka dame su har suka ɗauko kyanwa, dariya abin ke ba su. Sai ka ji ana cewa, "Mage ce fa, wa ya taɓa yi wa mage kulle?" Ni dai ina bayan Turawa a wannan magana.

Kyanwa ta fi riƙe wuri a kan mutum. Gogar kumatun nan da take yi a ƙafar kujera da bakin ƙofa, wani ƙamshi take bari wanda hancinmu ba ya ji, da shi take gane nan ne gidanta. Ranar da aka sauke ta a sabon wuri babu ko ɗaya daga cikin alamunta. Ta samu ƙofa a buɗe, tsohon gida za ta nufa, balle in bai yi nisa ba.

Mu ba mu san wannan matsala a gida ba saboda ba ma ƙaura da mage. Da ƙafarta take zuwa, ɓerayen rumbu ko na ɗakin ajiya suka kira ta, a ajiye mata ragowar tuwo da kan kifi, ta haihu a bayan randa, shi ke nan ta zama 'yar gida. Amarya ba ta tarewa da ita. Ɗan haya in ya tashi a Kano ko Zariya, wanda ya shigo bayansa shi zai gaje ta. To a nan in za a tashi daga gidan haya, sai a kwashe komai har kyanwa a zuba a mota. Ga gidajen layi guda kamar an buga su da hatimi ɗaya, kowane lambun bayan gida akwai muzurun da ya riga ya mallake shi, ga titi a bakin ƙofa. Lokacin hunturu kuwa ƙarfe huɗu na yamma duhu ya fara. Dokar hanya ta 1988 ta wajabta wa direban da ya buge kare ya tsaya ya ba da rahoto, amma ba ta ambaci kyanwa ba, don haka mai yiwuwa ba wanda zai sanar da kai.

Kuma ai mun san dabarar. Wa ke sayo kaza daga kasuwa ya sake ta ran nan? Ɗaure mata ƙafa ake yi da igiya a gindin turmi, kwana biyu ko uku, har ta saba da tsakar gidan.

Hujjar da aka fi kawo mini ita ce hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwa, wanda Buhari da Muslim suka ruwaito. A karanta shi har ƙarshe mana. Matar ta tsare ta ne ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nema da kanta ba, har ta mutu. Wanda ya ware mata ɗaki da abinci da ruwa da kwanon yashin da za ta yi bahaya, don kada mota ta take ta, ina haɗinsa da waccan mata?

Ranar sakin ma da tsarinta. Da safe ake yi, kafin ta ci komai, a buɗe ƙofar baya a tsaya tare da ita, ba a ɗauke ta a dire a waje ba. Bayan ɗan lokaci a kaɗa kwanon abinci, yunwa ta dawo da ita. A guji farkon Nuwamba, lokacin da wasan wuta ke firgita dabbobi. Tsofaffin Turawa kuma suna da nasu camfin, wai a shafa mata man shanu a tafin ƙafa ba za ta ɓata ba. Ashe ba mu kaɗai ba ne.

Inda na rabu da wasu shi ne kullen dindindin. A Amurka mutane da yawa ba sa barin kyanwa ta taka waje har ta mutu, a Kanbera ta Ostireliya kuma doka ce a tsare duk wadda aka haifa daga Yulin 2022, don kare tsuntsaye da ƙananan namun daji. Na fahimci uzurin Ostireliya. Amma dabbar da hadisin Muwaɗɗa ya kira mai kewaya mu, in akwai lambu kuma titin ba babba ba ne, ban ga dalilin hana ta hawa katanga ba bayan ta gama sanin gida.

Sai dai kafin a buɗe ƙofar a duba batun 'yar na'urar shaida da ake sa mata ƙarƙashin fata. Tun 10 ga Yunin 2024 ta zama dole a Ingila ga duk kyanwar da ta kai mako 20, kuma tarar na iya kaiwa fam 500. Mutane na sa ta, amma in sun tashi sai su manta su sauya adireshi da lambar waya a rajistar, wanda ya tsinci kyanwar ya yi ta neman mai ita a gidan da ya bari.